Fim ɗin Gandun Maliki

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1985

Sababbin finafinai uku sun iso daga Sakkwato, duk a kan aikin gama kai. Oga ya ce mu zaga da su ƙauyukan Argungu kafin a gama yankan shinkafa. Pius direba zai tuƙa motar majigi, ni in yi bayani a lasifika kamar kullum, don finafinan ba su da murya.

Mun gwada su a bangon sito. Na farko masunta ne, na biyu mata masu adashe. Na uku yana farawa sai na ga tsamiyar ƙofar gidanmu.

Tungar Maliki ce. Gandun Baba. Wallahi na manta an taɓa ɗaukar mu, shekara takwas ke nan.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na sake kallo ni kaɗai. Ga Baba a kan buzunsa. Ga mata suna shiƙa. Mutum arba'in da ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Na ƙirga waɗanda suka rasu, tara.

Can wajen ƙarshe ga wana Kalilu a fadama, ruwa iya gwiwa, dami a ka. Sai ya waiwayo, ya ɗaga hannu, bakinsa ya motsa. Ba a jin komai. Amma na san abin da ya ce, don ni ne a tsaye bayan mai ɗaukar hoton da farar riga, na ƙi shiga taɓo. Cewa ya yi, "Labbo, taho mana!"

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Takardar bayanin da zan karanta ta ce: "Jama'a, ku dubi albarkar gidan da ba a raba gandu ba." Da wane baki?

Ni na raba shi. Ko arba'in Baba bai yi ba na ce a fitar mini da rabona. Kalilu ya roƙe ni in bari ko damina ɗaya. Na ƙi. Na sayar, na gina gida nan unguwar Badariya. Da sauran suka ga na fita, kowa ya ja nasa. Shekarar da ta biyo Kalilu ya ɗauko shinkafa shi kaɗai a kwale-kwale, aikin da dā mutum huɗu ke yi. Gulbi ya cika. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa.

Tun ranar ta'aziyya ban sake taka garin ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Matata Aishatu ta ce ina amsa kira cikin barci. Na ce mata zazzaɓi ne.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Jerin garuruwa ya fito. Tunga ce ta shida. Na ce wa Oga a ba wani. Ya ce, "Ashe ma garinku ne? To wa ya fi ka dacewa?"

Da rana na ɗauki almakashi na warware fim ɗin har wurin da Kalilu ya waiwayo. Bai kai kamu biyu ba, in na yanke na liƙe ba wanda zai gane. Pius ya shigo ya tarar da ni. Shekararsa ashirin a Kabi, ya san labarin. Ya ce, "Malam Labbo, yaransa ba su da hotonsa ko ɗaya fa. Wannan kaɗai ne ya rage."

Na ajiye almakashin. Na naɗe fim ɗin yadda yake.

Asabar, 16 ga Nuwamba, Argungu

Gari huɗu ke nan. Ko'ina in an zo wurin da Kalilu ya ɗaga hannu sai mutane su yi dariya, wai ga wani yana gaida majigi. Ni kuwa sai in duƙar da kai a kan takarda. Duk da haka ina jin idonsa. Jiya a bakin gulbi na hangi mutum da dami a ka, na ɗauka shi ne.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Gobe.

Laraba, 20 ga Nuwamba, Tunga

Jiya ne. Bari in rubuta kafin ya dagule mini.

Tsamiya tana nan. Gidan ne ba ya nan, an gitta katanga ko'ina, ƙofa bakwai inda dā zaure ɗaya ne. An gaishe ni gaisuwar baƙo. Bayan isha muka ɗaura farin ƙyalle. Goggo Hodi, ƙanwar Baba, ta sa aka kawo ta gaba don idonta ya yi rauni. Riskuwa, matar Kalilu, tana can baya da 'ya'yanta.

Da Baba ya bayyana, wurin ya yi tsit, sai ƙarar inji. Na ɗaga takardar, na kasa. Sai na ji bakina yana faɗin sunaye. Wannan Maliki ne. Jama'a suka ce Allah ya jiƙansa. Wannan Inna Balaraba ce. Allah ya jiƙanta. Wannan Tamba ne, yana Ikko. Haka har fadama.

Kalilu ya waiwayo. Ba wanda ya yi dariya. Wata mace ta yi salati.

Goggo ta ce a mayar. Pius ya mayar. Ya sake waiwayowa, ya ɗaga hannu. Sai ta juyo wajena, da ƙarfi, kowa na ji: "Labbo, ai kai yaka kira. Mi ya hana ka amsa mishi?"

Lasifika tana bakina. Na ce, "Na'am, Yaya."

Duk garin ya ji. Ban san yadda aka ƙare ba, Pius ne ya naɗe kaya.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Da safe na je gaida Riskuwa. Na daɗe a tsugune a bakin ƙofa. Na fara cewa ta yafe mini, ta katse ni. Ta ce, "Wagga magana ba ta yau ba ce, Labbo, kuma ban shirya mata ba. Shinkafa dai ta nuna, tsuntsu na ci, hannu babu."

Ta shige ɗaki.

Na ari lauje wajen Usmanu ɗan baffana. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya miƙo mini. Da hantsi sai ga shi ya biyo ni fadama da nasa laujen.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Tafin hannuna duk ya fashe, da ƙyar nake riƙe biro. Yau mun kai mu biyar. Ba wanda ya kira kowa, ba kuma wanda ya ce gandu ne. Ba gandu ba ne. Taimako ne kawai, in an gama kowa ya kama gabansa.

Riskuwa ta aiko da fura, ba ta ce ta wa ce ba.

Pius ya dawo ɗaukata. Na ce ya gaya wa Oga jibi ina tafe. Ya yi dariya, ya ce ranar Juma'a ma haka na faɗa.