Kwamfutar Akawu Ta Ƙame

Litinin

Zuwa ga ƙanin matata, Ɗan Gwanjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Yayarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar gidanmu ce ta ɓace maka.

Dalilin wannan takarda shi ne kwamfutar ofis. Ka san ba na kawo maka kuka, amma tura ta kai bango. Wata biyu ke nan tana ƙamewa. Ina cikin buga takarda sai komai ya tsaya cik: in danna harafi ba ya fita, in danna can ba ta amsa. Sai na danne maɓallin kunnawa, na riƙe shi har ta mutu, sannan in sake tayar da ita. Abin da na buga ban adana ba kuwa ya tafi ke nan. Da farko sau ɗaya ne a mako. Ranar Alhamis sau huɗu na shaƙe ta.

Ka san tun da Lauya ya rasu 'yarsa ce ke riƙe da ofis. Shekara ashirin da bakwai na yi ina buga wa mahaifinta takardu, ashirin da biyar a kan tafireta, ban taɓa sa ya makara kotu ba. Ita kuwa ta kira ni ranar Juma'a ta ce, "Baba Akawu, ba na son in ɓata maka, amma in wata ya ƙare abin nan bai daidaita ba, zan kawo wanda zai zauna a kujerar, kai ka koma ɗakin fayil." Ɗakin fayil, Ɗan Gwanjo, inda ko taga babu. Can ake kai takardar da aka gama da ita.

Kai ne cikin injinan nan safe da yamma. Ka gaya mini abin yi. Kada ka kira ni a waya: teburina yana bakin ƙofarta, kunnena na hagu kuma ka san halinsa. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsa. Yayarka ba ta san zancen ɗakin fayil ba, kada ta ji daga bakinka.

Wassalam. Naka,
Akawu

Laraba

Mijin Yaya, ranka ya daɗe,

Wa'alaikumus salam. Takarda ta iso, har da ambulan da ninki uku. Maƙwabtana na layi suka taru suna leƙe, ɗaya ya ce sammaci ne, ya fara janye kayansa daga kusa da nawa. Kai kaɗai ka rage mai wasiƙa a duniya, Allah ya bar mana kai.

Ashe akwai ranar da za ka nemi ɗan gwanjo. Ba kai ne ka ce wa Yaya sana'ata wanke gawa ce, in shafa mata hoda in sayar ba? To, mai wankan gawa ya fi kowa sanin abin da ke kisa. Saurara.

In ta ƙame, kafin ka kai hannu wuyanta, motsa maus ka ga ko 'yar kibiyar nan tana yawo. In tana yawo, ba mutuwa ta yi ba, suma ce. Sai ka sa tafin hannu a bayanta, inda iska ke fita. In ka ji kamar bakin murhu, ko ba ka ji kukan fanka ba, zafi ne, aikin minti goma. In ba haka ba, ka cire firinta da duk wani filash da ke maƙale a jikinta, ka yi yini guda ba su. Ka rubuta mini ƙarfe nawa take tsayawa, da abin da kake yi a lokacin. Rubuta lokaci ai gadonka ne.

Kuma ka rage shaƙewar nan. Duk sanda ka danne maɓallin, kamar ka fizge wa mai cin abinci kwano ne loma tana hannu. Yau ta yi haƙuri, gobe ta yi, wata rana za ka kunna ta ce ba ta san ka ba. Ka ba ta ko minti biyar tukuna.

Yaya ba za ta ji ba. Ka gaishe ta, ka ce mata hanyar tana nan, ƙafar ce ta yi nauyi.

Na gaishe ka,
Ɗan Gwanjo

Talata

Zuwa ga Ɗan Gwanjo,

Assalamu alaikum, da fatan alheri. Na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Kibiya tana yawo. Fanka tana juyawa, iskar ɗumi ce kawai. Na cire firinta yini guda, bai hana komai ba. Lokutan su ne: Alhamis sha ɗaya da kwata, da biyu saura, Juma'a sha ɗaya da rabi, jiya sha biyu saura minti biyar.

Ta jiya ita ce ta ci ni. Lauya, 'yar marigayi, tana tsaye a kaina da rigar kotu a hannu, tana jiran takardar rantsuwar wani mutum, saura layi biyu. Ta ƙame. Na tuna maganarka, na ce a ba ta minti biyar. Lauya ta dubi agogo ta ce, "Ita za a ba minti biyar ko alƙali?" Na shaƙe ta, na sake bugawa daga tsakiya. Lauya ta karɓi takardar ta fita.

Da rana ta aiko wani mai gyara, mai gemu da jakar goyo. Ya kashe ta, ya kunna, ya zauna a kujerata awa biyu yana buɗe wannan yana rufe wancan. Ko tari ba ta yi ba. Ya ce wa Lauya, ina ji da kunnena mai kyau, "Hajiya, injin lafiyarsa ƙalau. Wani lokacin hannu ne." Masinja ya yi dariya har ya ƙware. Yau da safe na ji yana ce wa mai shara kwamfutar ta san ƙamshin tafireta, shi ya sa take suma.

Abin da ke ɗaure mini kai, da safe ba ta da matsala. Ina isowa bakwai da rabi in kunna ta, in shirya teburina a cikinta kamar kullum, tana bina lafiya lau, sai dai nauyi-nauyi wajen ƙarshe. Saura kwana tara wata ya ƙare.

Wassalam,
Akawu

Laraba

Mijin Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, direba yana mini hon. Mai gemun nan bai yi ƙarya ba, kuma bai san komai ba. Irinsu ne ke ciyar da mu.

Tambaya ɗaya. Mene ne "in shirya teburina a cikinta"? Ka yi mini bayani dalla-dalla kamar kana gaban alƙali, kada ka tsallake ko numfashi.

Ɗan Gwanjo

Alhamis

Zuwa ga Ɗan Gwanjo,

Assalamu alaikum. Ban ga abin tambaya a nan ba, amma ga shi.

Dokar marigayi ce tun ranar da na fara aiki: fayil ɗin da shari'arsa ba ta ƙare ba, ba ya barin tebur. Ya ce abin da ido ya daina gani, zuciya takan manta, kuma mantuwar akawu ɗaurin wani ce. Kullum da safe nakan jera fayilolin a gabana kafin ya iso. Da aka kawo kwamfuta shekara biyu da suka wuce, ban ga dalilin canza doka ba. Ina da jerin shari'unmu a littafi. Ina kunna ta sai in bi jerin, in buɗe takardun kowace shari'a, in ajiye su a ƙasan allo a buɗe, don in Lauya ta ce kawo kaza, hannuna yana kai. Ba na rufe ko ɗaya sai alƙali ya yanke hukunci. In ta ƙame na sake kunnawa, sai in sake jera su.

Zamanin marigayi ba su wuce ashirin ba, don shi mutum ne mai zaɓe. 'Yarsa kuwa ba ta mayar da kowa, ga hotunan shaida da take sa a haɗa a kowace. Na ƙirga yau da safe: ɗari da arba'in da uku.

Ina sauraronka.

Wassalam,
Akawu

Asabar

Mijin Yaya, Allah ya ja zamaninka,

Na karanta takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Ɗari da arba'in da uku! Wallahi injin nan waliyyi ne. Da a hannuna yake da na sa shi a gilashi ina nuna wa masu saye.

Ga abin da ke faruwa. Kwamfuta tana da rumbu, tana da hannu. Rumbun babba ne, zai ɗauki takardun kotun duniya. Hannun kuwa ƙarami ne. Duk abin da ka buɗe, ka ɗora mata shi ne a hannu, ka ce ta riƙe. Kai kuma kullum sai ka kwashe rumbu kaf ka jibga mata, sannan ka ce ta yi maka rubutu da ɗan yatsan da ya rage. Ta daure har wajen sha ɗaya, ta faɗi. Ka shaƙe ta, ta farfaɗo, ka sake yi mata lodin. Mai gemu ya same ta hannu sake, shi ya sa ta yi masa rawa.

Rufe takarda ba jefar da ita ba ne, kuma ba ya kashe shari'ar kowa. Ka adana, ka rufe, tana nan inda ka same ta da safe. Littafin nan naka ya ishe ka tuni; ka buɗe shi a kan tebur na katako, ido ya gani, zuciya ta tuna, dokar marigayi ta cika. A cikin injin kuwa kada ka wuce uku ko huɗu a lokaci guda.

Saura magana mai muhimmanci, don na san halinka. Yanzu haka ka fara tsara yadda za ka tsaya gaban yarinyar nan, hannu a baya, ka ce, "Laifina ne." Kul. In ka faɗi haka, kafin ka rufe baki kana ɗakin fayil, masinja yana ɗauke maka kujera. Shekarata ashirin a kasuwa, ban taɓa jin an tambayi wanda ya ɓata ba in kaya sun tashi. Wanda ya gyara ake nema. Ka bari ta yi kwana uku tana gudu, sannan ka ce, "Na gano matsalar, na gyara." Nuna mini ƙarya a ciki. Kai da ka yi shekara ashirin da bakwai a ofishin lauya, ai ka san ba a amsa tambayar da ba a yi ba.

In kuma ta ce mece ce matsalar, ka yi shiru kaɗan, ka dubi silin, ka ce, "Lodi ne." Ba wanda ya taɓa tambayata ƙarin bayani bayan wannan kalma.

A gaida Yaya.

Naka mai wankan gawa,
Ɗan Gwanjo

Alhamis

Zuwa ga Ɗan Gwanjo,

Assalamu alaikum. Ranar Litinin na buɗe su duka karo na ƙarshe, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rufewa. Guda na bari: wasiƙar da marigayi yake faɗa mini ina bugawa ranar da ciwo ya kama shi. A tsakiyar jimla ta tsaya. Ina jin ɗaya ba za ta yi wa injin nauyi ba.

Kwana uku ko gezau ba ta yi ba. Jiya na shiga wajen Lauya da niyyar faɗin komai, duk da gargaɗinka. Na ce, "Na gano matsalar, na gyara," na ja numfashi zan ci gaba, sai ta ce, "Kai da kanka, Baba Akawu? Abin da mai gyara ya kasa?" Na dubi silin. Allah ya yafe mini, ya yafe maka.

Kujerar tawa ce. Amma da rana ta aiko mini da tata kwamfutar ta hannu, wai tana kashe kanta. Likitan haƙorin da ke saman benenmu ya ji labari, ya sauko da tasa. Yanzu haka guda biyu ne a ƙarƙashin teburina. Na ce a ba ni zuwa Litinin.

Ka zo ranar Asabar da kayan aikinka. Ka shigo ta ƙofar baya.

Wassalam,
Akawu