A Maido Mana da Gwaggo Kafin Luba Ta Sauka

Zuwa ga Shugaban shirin tallafin tankin sola na shiyyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya gajiyar aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah shi ƙara taimako.

Sunana Malama Rakiya, daga Kagara ta ƙasar Goronyo. Na koyar a firamare har na yi ritaya, yanzu ina ɗan taɓa noman albasa a bakin fadama don kada ƙafafu su riƙe. Ina cikin waɗanda sunka ci moriyar shirinku na raba mu da dafa ruwa da itace, don haka kada ka ɗauki wagga takarda a matsayin ta marar godiya. Na rubuto ta a buɗe ne saboda na riga na je ofishinku ban samu biyan buƙata ba, kuma maganar ba tawa ce ni kaɗai ba, ta unguwa ce. A taƙaice, kun karɓi wata tukunya a hannuna, muna son a maido ta kafin wata yarinya ta haihu.

Na ɗaya, godiya.

Ranar da ma'aikatanku sunka tara mu a filin makaranta sunka ce gwamnati za ta biya mafi yawan kuɗin wata na'ura da ke dumama ruwa da hasken rana, ba itace, ba gawayi, ba hayaƙi, wallahi ban ji sauran jawabin ba. Jikina na kan benci, hankalina ya yi gaba. Na hango Kagara da hantsi, kowane rufi na ƙyalli, sama tas, ba wannan shuɗin hayaƙin da ke kwanciya bisa gidajenmu tun asuba. Na hango tsofaffi irina da fararen idanu, ba mai matse hawaye da gefen mayafi. Na hango itatuwan bakin gulbin Rima sun dawo yadda na san su ina yarinya, tsamiya da gawo da kanya, inuwa na haɗuwa da inuwa, mutum ya taka tun daga gari har ruwa rana ba ta taɓa shi ba. Har mazanmu na hango zaune lafiya a ƙofar gida, ba mai ɗaura gatari a keke ya nufi dajin da kowa ya san halin da yake ciki yanzu. Sai da maƙwabciyata ta zungure ni sannan na san an tashi.

Kuma na'urar ba ta ba ni kunya ba. An ɗora ta bisa ɗakin siminti da ɗana ya gina mani: tanki kwance, bututun gilashi jere a ƙarƙashinsa. Da la'asar in na murɗa famfo, ruwa ya zubo yana tururi, ban hura komai ba, ban yi tari ba. Tun da anka kafa ta idona ya bar ƙaiƙayi, har zare nake zurawa a allura da kaina. Wani lokaci nakan ɗauko tabarma in zauna tsakar gida ina kallonta kawai, rana na zamewa a jikin gilashin, tantabaru na sauka su tashi. Jikokina sun ce na samu talabijin. Ban musa ba.

Na biyu, abin da kunka karɓa.

Ƙa'idarku ta ce duk wanda za a kafa wa sabo, sai ya miƙa tsohon abin da yake dafa ruwa da shi. Na fahimci dalili: kada a karɓi tallafi a koma wa itace. Da motarku ta zo, anka tambaye ni tukunyar dafa ruwan gidan, na nuna ta, majiya ƙarfi biyu sunka ciccibe ta sunka jefa bayan mota.

Ranka ya daɗe, abin da kunka ɗauka ranar nan, mu Gwaggo muke ce mata. Baƙar tukunyar ƙarfe ce, irin ta da, mai kauri, wadda yaro zai shiga ya ɓuya. Kunnenta ɗaya ya taɓa karyewa anka ɗaure da waya. Na gaje ta wurin uwar mijina, ita ma gadonta ta yi. A gidana take kwana, amma ba ta cika zama ba, don ita ce tukunyar wankan jego ta unguwarmu duka. Ka san dai al'adar: mace in ta haihu, safe da yamma za a dafa mata ruwa mai yawa da ganyen darbejiya ko runhu, tsohuwa ta yi mata wanka, har ta yi arba'in. Ma'aikatan asibiti sun ce mu rage zafin ruwan, mun ji, mun rage. Amma ba su ce mai jego ta yi wanka da ruwan randa cikin ɗari ba.

Duk gidan da anka sauka, a nan Gwaggo take yin arba'in. A amalanke ake kai ta, kuma ba a buƙatar mai shela, duk wanda ya gan ta tafe a lungu zai tsaya ya ce, "Barka! Gidan wa?" Ba a taɓa biyan ko sisi don aronta ba. Abin da anka sani kawai, ba a maido ta da ciki wayam: wata ta saka sabulu, wata ɗan gero, wata ƙullin kanwa, wadda ba ta da komai ta wanke ta fes ta saka ganye ɗanye. Ni kaina da ruwanta anka yi mani wankan ɗiyana duka. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar tafasarta, wani irin gunaguni awa tsohuwa na lazimi, ga tururi ya cika bayan ɗaki har ba ka ganin mai yi maka wankan, sai muryarta kawai tana cewa, "Daure, ɗiyata, daure." Rabin mutanen da ke sallah a masallacin unguwarmu, uwayensu a gindinta sunka warke.

Za ka ce to mi ya sa na bayar? Na faɗa wa shugaban ayarin cewa tukunyar ta jama'a ce. Ya yi murmushi ya ce in kwantar da hankalina, kafin ɗari ya shigo kowane gida zai samu tanki, ba mai sake neman tukunya. Ni kuwa da mafarkina bai gama sakina ba, na yarda. Har addu'a na bi motar da ita.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Da masu duba rufi sunka zagayo, sai anka ce tankin na da nauyi, soron ƙasa ba zai ɗauka ba, rufin kara balle. Unguwarmu kuwa kusan duk soro ce. Gidajen da sunka dace ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ban ga laifin masu dubawa ba, gara hakan da a ce rufi ya rufta wa mutane. Sai dai ba wanda ya waiwayo ya tambaya: su waɗanda ba su samu ba, da mi za su dafa ruwa?

Akwai maƙwabciyata Kulu, wadda ta zungure ni a filin makaranta. Mijinta ya rasu, gidanta soro ne, katanga da lungu ne kawai tsakaninmu. Ɗiyarta Luba na aure a Achida, kuma wanga shi ne cikinta na fari, don haka ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi. Luba ɗalibata ce, ni na kama hannunta ta fara rubutu. Watanta ya kama, tafiya ma da ƙyar take yi.

Rannan da hantsi Kulu ta yi sallama, ta zauna, munka gaisa. Ta ce, "Malama, na zo kamun Gwaggo tun da wuri, kada wata ta riga ni." Na ce ai ba ta nan. Fuskarta ta washe, ta ce, "Mi? Taf fita? Wa yas sauka ban ji ba?" Ita ta ɗauka tukunyar ta tafi aikinta. Ranka ya daɗe, dole na kwashe labarin motarku na faɗa mata. Da na gama bayani, Kulu ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ɗaga kai ta kalli tankin da ke ƙyalli bisa ɗakina, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, yana da kyau. Allah shi sanya albarka." Ta ɗauki takalmanta ta fita. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Kada ka ce ba mu nemi dabara ba. Mun ce a haɗa ƙananan tukwane. Sai an hura murhu uku kafin ruwa ya isa, itacen ya ninka, hayaƙin ya ninka, ka ga an yi baya ga abin da shirinku ya zo yi. Wani ya kawo rabin durom, munka shinshina, ashe na maganin feshin albasa ne. Ba za mu wanke mai jego da jinjiri a ciki ba. Tukwanen kasuwa masu girman haka sun fi ƙarfin Kulu, albasarta ko kai ba ta fara yi ba. Na ce to a riƙa ɗibar mata ruwa a tankina. Mun gwada. Da yamma yana yiwuwa, amma da sassafe, lokacin da mai jego ta fi buƙata, ruwan ya kwana ya huce, kafin a zagaya lungu da bokiti ya yi sanyi. Ita kuwa mai jego ba ta fita, balle a ce ta riƙa ƙetare hanya da jiki ɗanye tana zuwa wanka gidan mutane. Kuma bayan Luba akwai wasu biyu a unguwar da ke tafe. Tankin nan yana da kirki, amma an ɗaure shi da ƙusa, ba ya zuwa barka.

Na huɗu, zuwana Goronyo.

Na hau mota na je ofishinku. Wata yarinya ma'aikaciya ta tarbe ni da ladabi, ta ba ni kujera da ruwa, Allah shi yi mata albarka. Ta ce tukwanen da anka karɓa su ne shaidar an bar itace, manya za su zo su gani, daga nan a kwashe a kai a narkar, kuma ba ta da ikon fitar da ko ɗaya. Da zan fito na leƙa tagar wani ɗaki a baya, sai ga su jibge, garewani da durom da tukwane, an kifa wasu bisa wasu. Na gane Gwaggo da wayar kunnenta. Tana kife a ƙasa, ƙadangare na shan rana a gindinta.

Tun ranar nan mafarkina ya sauya. In na zauna a tabarma ina kallon gilashin, sai in ga kamar amalanke ya shigo lungu, Gwaggo na girgiza a kai, mata na leƙowa ta ƙofofi, Kulu na gaba tana gyara ɗaurin zane. Wani lokaci kuma in ga an narkar da ita an yi cokula, sun watsu kasuwanni, wani a Rabah na shan kunu da ɗaya, wani a Wurno, ba wanda ya san matan da ta yi wa hidima. Sai in tashi in naɗe tabarmar. Yanzu in na murɗa famfo ruwan zafi ya zubo, a hankali nake murɗawa don kada a ji ƙararsa a gidan Kulu.

Na biyar, roƙona.

Ina roƙon ka ba da umarni a fitar da tukunyar nan mai waya a kunne a maido ta Kagara cikin gaggawa. In babu mota, a faɗa mana, za mu samo wanda zai ɗauko. Haihuwa ba ta jiran zuwan manya.

Ina kuma roƙon a tsayar da narkar da sauran har sai an bi an tambaya, don na tabbata ba Kagara kaɗai ke da Gwaggo ba. A Magarya ma na ji ana irin wagga magana. Sannan nan gaba, kafin a karɓi tukunya a kowane gida, a tambayi matan unguwa, ba mai gidan kaɗai ba. Kuma in da hali, a yi tunanin masu soro: ko a kafa masu tankin a ƙasa bisa dakali, ko a ba su murhun da ke cin itace kaɗan wanda babbar tukunya za ta zauna a kai. Ban fid da rai da waccan Kagara da na hango ba, ina so in ga hayaƙin ya tafi kafin in tafi.

In kuwa ƙa'ida ba ta lanƙwasuwa, in dole gida ya zaɓi ɗaya, ko tanki ko tukunya, to na zaɓa. Na yi shawara da ɗana, ransa bai so ba, amma ya ce nawa ne. Allah ya sani ina son abin nan, kuma na san abin da hayaƙi zai koma yi wa idona. Ku turo ma'aikatanku da tsani su kwance shi, ku kai wa wani mai rabo. Sai dai motar da za ta zo ɗaukarsa, kada ta zo wayam.

Allah shi ja zamaninka, shi yi maka jagora a wanga aiki, shi kare ka daga sharrin masu sharri. Allah shi sauki Luba lafiya, da ita da duk mai ɗauke da ciki, a gidanka da namu.

Wassalam.

Malama Rakiya,
Kagara, Goronyo.