Abin da Na Goge a Wayar Mama

Talata, 2 ga Satumba, 2025

Mama ta zo shagona yau duk da ruwan nan, tun daga Narayi har nan unguwar Television a Keke, da wayarta ƙunshe a leda. Wayar ta haukace. Ka taɓa nan talla ta fito, ka rufe wata ta fito, har da hotunan da bai kamata mace mai shekara sittin da takwas ta gani ba. Duk wanda ya shiga gidan sai ya tura mata wani tarkace. Na kwashe hotuna da lambobi, na yi mata filashin, wato na share duk sauran abin da ke ciki, ta dawo fes kamar yau aka sayo ta.

Clinton, mai shagon da ke jikin nawa, ya leƙo ya ce na sake yin kisan kai. Shi aikinsa ke nan, loda wa mutane manhajoji da waƙoƙi daga kwamfutarsa, ko daga ina suka fito. Ni kuma aikina share ɓarnar da ya yi. Shekara biyar muna wannan musu. Ya nuna kwalin da na manna a ƙofa, "BA A SA MANHAJAR DA BA TA PLAY STORE BA A NAN", ya ce, "Jemimah, na person phone, wayar mutum ce. Shi ya saya, shi zai ce me zai sa." Na ce to idan ta fara ciwo wa ake kawo wa?

Na ji daɗin kaina yau, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Ƙarfe bakwai na safe Mama ta kira. Ko gaisuwa babu. "Jemi, ina Ezekiel?"

Na ɗauka ruɗewar tsufa ta fara. Yaya Ezekiel ya shekara uku a kabari. Sai ta ce, "Yana ƙasa, ta hannun hagu, koren nan. Na duba babu shi."

Na zauna a bakin gado. Manhajarsa. Waƙoƙin coci talatin da wani abu da ya rera da Jju, yarenmu, ya ɗauka da bakinsa a ɗakinsa, ya haɗa su cikin wata 'yar manhaja don tsofaffin da ba sa iya karanta littafin waƙa. Bai taɓa sa ta a Play Store ba. Hannu da hannu ya yi ta tura wa matan zumunta bayan sujada. Waƙoƙin a cikin manhajar suke, ba a wani wuri dabam ba. Na goge manhaja, na goge su.

Na ce mata zan mayar. Da wace murya na faɗa, ban sani ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Babu manhajar a tawa wayar. Ba ta taɓa shiga ba. Ranar da ya zo da zumuɗinsa zai tura mini, cewa na yi, "Ka sa ta a inda ya dace tukuna, sannan in sauke." Ya yi dariya ya ce ƙanwarsa ta zama 'yar sandan waya.

Kwamfutarsa kuwa ta mutu tun kafin shi. Ni da hannuna na cire abin da zai moru na zubar da saura.

Na kasa zama a shago. Na ɗauki sukurdireba na ajiye ya fi sau goma.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je Narayi da lemo. Mama ba ta yi mini faɗa ba, gara ma ta yi. Ta dafa mini pate, ta zauna tana kallona ina ci. Wayar na kan tebur, ba ta ko sa ta caji ba.

Ta ce kullum da safe, kafin ta ɗora ruwa, sai ta kunna waƙar Yaya ɗaya ta kanga a kunne. Ban taɓa sani ba. Shekara uku ina zuwa gidan nan.

Lahadi, 7 ga Satumba

Bayan sujada na tsaya a ƙofar coci kamar mai karɓar haraji, ina tare matan zumunta ɗaya bayan ɗaya. Na duba waya goma sha ɗaya.

Huɗu sun canza waya. Biyu an sace tasu. Sauran kuwa...

Mama Abigail ce ta fara faɗa, ba da wata manufa ba. "Ai ina da ita da. Tun da na kawo miki gyara bara ban sake ganinta ba. Na ce ko ta ƙare ne." Wata ta ce ita ma haka. Wata ma haka. Mata biyar.

Sai a lokacin na gane. Yaya bai taɓa ba manhajar suna na kirki ba. A jerin manhajoji "gwaji3" take fitowa, da ɗan koren tambarin nan na wanda bai gama aiki ba. Duk wayar da aka kawo mini, irin waɗannan nake fara sharewa, ba na ko buɗewa. Sau biyar na ga aikin yayana na ce ƙwayar cuta ce. Har gode mini suka yi.

Na dawo gida da ƙafa. Ban san na wuce kwanarmu ba sai da na ga gareji.

Talata, 9 ga Satumba

Na gaya wa Clinton. Na shirya wa dariyarsa, bai yi ba. Ya kunna kwamfutarsa ya bincike duk abin da ya taɓa lodawa, awa guda cur. Babu.

Daga baya dai bakinsa ya ƙi shiru. Wai ya karanta cewa nan gaba ba za a iya sa manhaja a waya ba sai wanda ya ƙirƙire ta ya yi rajista da babban kamfanin da ke da Play Store, ya nuna katin shaidarsa. Ban san iya gaskiyar maganar ba. Da makon jiya na ji, da na ce madalla, an gama da 'yan damfara. Na buɗe baki zan faɗa, sai ya ce, "To Ezekiel fa, wa zai je ya yi masa rajistar?"

Na ce ai ba laifin doka ba ne, da ya bi hanya tun farko da yanzu na sauke ta cikin minti ɗaya. Kuma gaskiya na faɗa. Wayar Mama ma ai tarkacen waje ne suka lalata ta. Clinton ya ce e, haka ne. Mun yarda da juna, kuma babu wanda ya ji sanyi.

Laraba, 10 ga Satumba

Ba komai. Na kira mutum shida a can gida Zonkwa. Ba komai.

Juma'a, 12 ga Satumba

Mama Abigail ta kira: in gwada Mama Eunice ta Makera, wadda ta yi aiki da Mama a masaƙa a Kakuri kafin a rufe. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa coci tun bara.

Na rufe shago da tsakar rana na tafi. Tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce 'yar Grace mai share wa mutane abubuwa?" Ashe sunana ke nan a gari. Ta ce da gangan ba ta taɓa kawo mini wayarta ba.

Ta zaro ta daga ƙarƙashin matashi. Gilashi a tsage, batir ya kumbura har ya ɗaga murfi, an ɗaure da roba. Ga shi nan a ƙasa, koren nan. Gwaji3.

Ta ƙi ba ni. Na durƙusa har ƙasa a kan siminti. Ta ce, "'Yata, ba ƙin ki nake ba. Amma idan ta shiga hannunki ta fito babu shi, wa zan kama?" A ƙarshe ta yarda in dawo gobe in yi a gabanta, wayar kuma a hannunta.

Batirin nan zai iya mutuwa yau. Na roƙe ta kada ta sa caji, kada ta kashe, kada ta taɓa. Na san ba za ta ji ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Na ɗauko Mama a Keke muka tafi tare, da wayarta. Clinton ya biyo mu, don ni, mai gyaran waya shekara tara, ban iya ciro manhaja daga wata waya in tura wata ba. Ban taɓa yarda na koya ba.

Sau biyu wayar Mama Eunice tana mutuwa a tsakiyar turawa. A na uku ta wuce. Sai wayar Mama ta fito da gargaɗin nan da nake nuna wa kwastomomi da yatsa: ba a san inda wannan manhaja ta fito ba, tana iya cutar da wayarki. Clinton ya miƙo mini ya ce, "Ke za ki danna." Na danna.

Mama ba ta kanga a kunne ba. Ta ajiye a kan cinyarta ta kunna ta farko da ƙarfi.

Ba waƙa ce ta fara fitowa ba. Gyaran murya ne, da ƙarar janareta daga nesa. Sai Yaya: "Jemi, don Allah rufe mini ƙofar nan." Sai wata murya, siririya, mai rainin wayo: "Kai dai ka gama wannan shirmen naka, wa zai saurara?" Sai ƙarar ƙofa. Ya yi 'yar dariya, ya fara waƙar.

Muryata ce. Bai yanke ba, ko bai iya ba ne, ko bai so ba.

Na kalli Mama. Ta ce, "Kullum sai na ji ku biyu. Shi ya sa nake son ta farkon."

Na fita waje na tsaya a jikin tankin ruwa na yi kuka har ya ishe ni. Na ji kunya, na ji kewarsa, kuma ban san wanne ya fi ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Kwalin yana nan a ƙofa. Clinton ya tambaya ko zan cire, na ce a kan me? Jiya ma an kawo mini waya da manhajar bogi ta cinye. Ra'ayina yana nan inda yake.

Abin da ya canza kawai, yanzu nakan buɗe abu in tambayi mai shi kafin in share. Yana cin lokaci.

Na sa gwaji3 a memori uku, ɗaya a shago, ɗaya a Narayi, ɗaya cikin Littafi Mai Tsarki na. Ranar Lahadi zan tsaya a ƙofar coci, mata biyar suna bina bashi. Na canza wa Mama Eunice batir.

Na sa manhajar a wayata ma, don in tabbatar ba ta da matsala. Aikin minti biyar ne. Yau kwana huɗu ke nan. Ban wuce waƙar farko ba tukuna.