Labule a Gilashin Muntaka

Madain Fahd, Jidda
9 ga Rajab, 1429

Zinariya jikata,

Kafin gaisuwa ma, karɓi wannan ki riƙe: wane abu ne uwa take haɗawa da hannunta kowace safiya, amma tun ranar da ta haihu ba ta ƙara samunsa yadda ta haɗa shi ba? Kada ki tambayi surukarki. Ki yi tunani da kanki, tunda kin kusa shiga layin masu wannan rashi.

To yanzu assalamu alaikum. Ya nauyin jiki, ya ƙafafun da aka ce sun kumbura? Ya maigidanki Mahmud da mutanen Gusau baki ɗaya? Mu nan lafiya lau muke, sai zafin Jidda da kika gudu kika bar mana. Da gangan na rubuto miki da Hausa, da ɗan rubutuna na aji huɗu, don harshenki ya saki. An ce min har yanzu "yalla" kike ce wa awakin gidanku, su kuma suna kallonki.

Labarin yayanki Muntaka zan ba ki, wannan mijin nawa da bai taɓa yi min cefane ba. Ya zama mai gidan wasan yara. Kafilinsa Abdulghaffar, Balaraben da ke tsaya masa a takardun zama, ya ba shi tsohon ɗakin ajiyar kafet ɗin nan na bayan masallacin unguwa, shi kuma ya manne bango da ƙasa da katifun soso, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ko da kai yaro ya faɗi sai dai ya tashi yana dariya. Akwai wurin hawa a zamo, akwai raga, akwai wani rami cike da ƙwallayen roba, ya ce guda dubu uku ne, kuma na yarda don na san shi, zai iya zama ya ƙirga. Mukayyif biyu suna hura sanyi kamar a tsaunukan Ɗa'if. Abin da ya fi so duka shi ne gaban shagon: gilashi ne daga ƙasa har sama, wai duk wanda ya wuce a titi ya ga aljannar yara.

Ga abin da ba a faɗa miki a waya ba saboda halin da kike ciki, ni kuwa na ga kin isa ki ji. Iƙamarsa, takardarsa ta zaman ƙasa, za ta ƙare a Shawwal. Abdulghaffar ya ce in wurin bai kankama ba kafin ƙaramar Salla, kafet za su koma ɗakinsu, kuma ba zai sabunta masa takarda ba. Kin san ma'anar wannan. Jirgi ne zuwa Kano, da yaron da aka haifa a unguwar Ammariyya ta nan Jidda, wanda Hausarsa ko ƙosai ba za ta saya masa ba.

Ranar Talata na je na gani da idona. A kan gwangwanin fenti na zauna, don babu kujera ko ɗaya. Yara suna ta tsalle, wannan kam ba ƙarya. Amma iyayensu mata huɗu suna tsaye a jikin bango cikin abaya da niƙabi, kowace da takalman yara a hannu ɗaya, jaka a ɗayan. Maza masu wucewa suna rage tafiya suna leƙe ta gilashin. Maigidan nawa kuwa yana tsakiyar fili da usur a baki kamar alƙalin wasan ƙwallo. Na ga wata ta juya ta fuskanci bango ta ɗaga gefen niƙabi ta kurɓi ruwa kamar mai sata. Ba wadda ta kai rabin awa. Da aka kira La'asar ya busa usur, ya kora kowa waje cikin rana, ya ja ƙyauren ƙarfe ya tafi masallaci.

Da ya dawo gida na faɗa masa abin da na gani. Ya yi min dariyar masu ilimi, wai "Sitti, wurin na yara ne, ba na iyaye ba." Na ce masa shekarata hamsin da uku a garin nan, ban taɓa ganin ɗan shekara uku ya tsayar da tasi ya ce a kai shi wasa ba. Bai ji ba. Zai ji.

Ki ci abinci, ki daina ɗaukar bokiti. Alhaji Na'ibi da ya gama umara ne zai kawo miki wannan, da dabino da man zaitun.

Kakarki,
Hajiya Turai

Madain Fahd, Jidda
4 ga Sha'aban, 1429

Zinariya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da baƙon da ke harbinki. Ya ruwan Gusau? Ki gaishe min da Mahmud, ki ce masa na ji shi ne ya raɗa miki amsar da kika ba ni a waya. Wai barci. Ke a ina kika ga ana haɗa barci da hannu? Kun faɗi ku biyun. Ku sake.

Abin da na ce zai ji, ya ji shi, kuma da zafi fiye da yadda na so.

Kin tuna Mastura, matar Hamad mai gyaran wuta? Ranar Asabar waccan ta kai 'ya'yanta uku. Aka kira La'asar, Muntaka ya busa usur, aka fito a gurguje, ya kulle ya wuce masallaci da makulli a aljihu. Sai a bakin titi Mastura ta duba ta ga biyu. Ƙaraminsu Hussaini, ɗan shekara biyu da rabi, babu shi. Ta yi gabas ta yi yamma, ta leƙa ƙarƙashin motoci, ta dawo tana dukan ƙyauren nan da tafin hannu har ya kumbura. Minti ashirin ba mai buɗewa, kowa yana sahu. Da Muntaka ya fito ya buɗe, sai ga ɗan tafin ƙafa yana leƙowa daga ramin ƙwallaye. Malam ya nutse a ciki ya ji sanyi, barci ya kwashe shi. Ko ƙwarzane babu. Amma Mastura ta ɗauke shi ta yi gida, kuma kafin Magariba babu gidan da labarin bai shiga ba a Madain Fahd. Kwana huɗu ko yaro ɗaya bai taka wurin ba.

Abdulghaffar ya zo ya ce halas, an gama, ba sai an jira Salla ba. Yayanki ya dawo gida ya zauna ya sa wa tuwo ido har ya huce. Ban tsokane shi ba ran nan, kin ga kuwa abin ya kai.

Washegari na ɗau mayafina na tafi gidan Abdulghaffar. Ke ba ki sani ba, shekarar da na zo aikin Hajji na ƙi komawa, gidan mahaifiyarsa na fara aiki, kuma a bayan nan nawa ya yi ta fitsari shekara biyu. Na tuna masa da haka a gaban matarsa Sauda, da Larabcina na kasuwa. Ya ce, "Ya hajja, don Allah." Na ce alkawarin Salla ka yi, Salla za ka jira. Ya amince, ya ce amma ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Na ce ban roƙa ba.

Daga nan na ƙwace makulli da usur daga hannun Muntaka. Na hau tasi zuwa kasuwar Balad na yanko labule mai kauri, kore shar, na sa ya rataye shi da hannunsa a kan gilashin nan. Zinariya, da kin ga fuskarsa, kamar ana yi wa amaryarsa lulluɓi a kai wa wani. Na sa ya kwaso ragowar kafet ɗin Abdulghaffar daga bayan ginin, ya kwashe raga ɗaya da ke kusurwa, muka shimfiɗa da matasan jingina, a daidai inda duk wadda ta zauna tana ganin ramin ƙwallaye da ƙofa a lokaci ɗaya. Shi kuma na fitar da shi waje. Teburinsa yanzu yana bayan labule, a bakin ƙofa, da benci na mazan da suka kawo iyali. Ƙafarsa ba ta shiga sai wurin ya zama babu kowa, ya zo ya wanke ƙwallayensa.

Na yayyaga tsofaffin zannuwana na atamfa guda biyar na yi ƙyallaye. Mace ta shigo, in ɗaura mata ɗaya a hannu, in ɗaura wa 'ya'yanta irinsa. Yaro ba ya fita sai ƙyallensa ya haɗu da na uwarsa a gabana. Wannan zanen mai tsuntsaye da kika daɗe kina naci in bar miki, ki yi haƙuri, yanzu yana hannun 'ya'yan wata Bayamaniya.

In an kira salla, maigidana ya tafi masallaci shi kaɗai. Ni in rufe daga ciki, makulli a wuyana, mata su yi sallarsu a kan kafet, yara su ci gaba da tsalle.

Na je gidan Mastura na ba ta haƙuri. Ta karɓe ni da mutunci, ta ce ita da wurin har abada. Na ce to, na bar mata ƙyalle huɗu a kan kujera na fito.

Jiya mata uku suka zo. Kada ki damu da yawansu, ki tambaye ni yaushe suka tafi. Sai da aka yi Magariba.

Ki dinga tafiya kaɗan da yamma, haihuwa za ta zo da sauƙi in sha Allahu.

Taki,
Hajiya Turai

Madain Fahd, Jidda
14 ga Shawwal, 1429

Zinariya maijego,

Barka da sauka lafiya, barka da Salla, barka da arziki. Allah ya raya takwarata, ya ba ta hankalina, ya raba ta da hancin ubanta. Ya jiki, ya ruwan zafi, ya kwanan zaune? Ki gaishe da surukarki da kyau, na ji irin hidimar da take yi da ke.

Na san kunnenki yana nan wajenmu, to saurara.

Kwana tara bayan na bar mata ƙyallaye, sai ga Mastura, ta ɗauro su da kanta tun daga gida. Ta zauna a bakin kafet, niƙabi a fuska, jaka a cinya, idonta a kan Hussaini kamar za ta haɗiye shi. Na jawo filas ɗina na cika finjali na sa mata a hannu. Can na waiwaya, niƙabin ya koma bayan kai, jakar ta sauka ƙasa, ta miƙe ƙafa. Ta shanye, ta daɗe tana kallon gindin finjalin, sannan ta miƙo min shi na ƙara mata. Kashegari ta zo da maƙwabtanta biyu. Tunda aka ga uwar Hussaini ta dawo, sai wa kuma zai zauna a gida.

Mazan ma sun saki jiki. Hamad ya faɗa wa Muntaka a kan benci cewa shi abu biyu yake so, kada wani ƙato ya kalli iyalinsa, kuma yaran su koma gida a gajiye liƙis. Ya samu duka biyun, har ya gyara mana wayar mukayyif ɗaya da ke tartsatsi.

Saura kwana uku a fara azumi sai ga Abdulghaffar da kansa, ya zo duba wurinsa, da Sauda da jikokinsu a mota. Ya tarar da takalma sun cika bakin ƙofa har sun zubo kan matakala. Ya kama gefen labule zai shiga, na tare ƙofa na busa usur. Na ce maza ba sa shiga. Ya ce ginin nasa ne. Na ce ginin naka ne, matan da ke ciki na mutane ne, ga benci can. Muntaka ya kusa suma a bayan teburinsa, a ransa tsohuwa ta gama da shi.

Sai ya tura Sauda ta shiga ta gano masa, ya ce mata minti biyar. Na ɗaura mata ƙyalle, na ɗaura wa jikokin, na zaunar da ita kusa da Mastura, na miƙa finjali. Shi kuwa ya koma mota ya danna oda. Ya sake dannawa. Aka kira La'asar na rufe ƙofa da matarsa a ciki, ya bi Muntaka masallaci. Suka dawo, ya aiko a ce mata yana jira. Ta ce a ce masa ya je Balad ya yi hidimominsa, ya dawo bayan Magariba.

Abdulghaffar bai taɓo zancen iƙama ba ran nan, bai taɓo shi ba duk azumi, yayanki ya rame fiye da yadda azumi ke ramar da mutum. Ni ban rame ba, don Sauda duk mako tana aikowa a tambaya ko muna buɗe. Ranar Lahadin nan Muntaka ya shigo ya ajiye min katin iƙama a cinya, sabo fil. Na juya shi gaba da baya duk da ba na karanta rubutun. Ya durƙusa ya sumbaci kaina. Na ce masa tunda ya zauna a gari, sai ya fara cefane.

Yanzu in kika ji yana ba maza labari a kan benci, wai tun farko shi ya tsara a sa labule. Na ƙyale shi. Usur dai yana wuyana.

Na aiko wa takwarata riguna uku da ƙwallo ɗaya ja, saura dubu uku ba ɗaya, kada ki faɗa masa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Kakarki mai zaman ƙofa,
Hajiya Turai

Kacici-kacicin nan ba zan ƙara wahalar da ke ba, don na tabbata yau da safe kin haɗa shi, takwarata ta tsanyara kuka, kika dawo kika tarar ya huce. Shayi ne da zafinsa.