Gwaggo Asabe a Gidan Masu Ƙyasta Yatsu

Zuwa ga Yayata Rabi'atu, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Kawu da iyalinsa baki ɗaya. Mu nan Hindawiyya ta Jidda lafiya lau, sai zafi da kewarki. Umma tana gaishe ki, Baba ma ya bar sallahun gaisuwa kafin ya fita aiki unguwar masana'antu.

Na san za ki ce me ya hana ni aiko saƙon murya kamar kowa. Na gwada sau huɗu, duk na goge, saboda da na ji muryata sai kunya ta kama ni. Shi ya sa na rubuta a shafina. Masu bibiyata su goma sha ɗaya ne, biyu daga ciki ke ce, tsohuwar lambarki da sabuwa. Sauran taran su yi haƙuri, maganar gida ce.

Yaya, ranar Asabar na tsaya gaban mutane na karanta labarina. Da baki. Ni, Sumayya, wadda kike aika sayen burodin tamis in dawo babu saboda mai gasawa bai juyo ya kalle ni ba.

Bari in fara daga farko. Kin tuna littafin rubutun nan mai koren bango da kika bar min ranar da za ki tafi, bayan iƙamarki, takardar zamanki a nan, ta ƙi sabuntuwa? Kin ce in riƙa rubuta kalmomin Hausa da ban sani ba a ciki. Ban rubuta kalmomi ba, Yaya. Labarin soyayya na rubuta, babi shida. Laifinki ne, ke kika bar min kwalin littattafanki a ƙarƙashin gado.

Watan jiya Umma ta ɗaga katifa za ta share, ta gan shi. Ta buɗe, kuma bai tashi buɗewa ba sai a shafin da na yi layi tara ina siffanta girar Mus'ab. Mus'ab shi ne saurayin labarin. Umma ta karanta a hankali tana bin layi da yatsa, sannan ta ce, "Wannan ne darasin da kike rufe ƙofa kina yi?" Na ce ai ƙirƙira ce. Ta ce girar ma ƙirƙira ce? Na ce e. Ta ce Allah ya kyauta.

A makon ne kuma Malama Lusiya ta gayyace ni. Ita ce ke koya mana Turanci a ma'ahad, makarantar da nake zuwa. A Amurka aka haife ta, amma iyayenta mutanen Meksiko ne. Ta ce a Amurka ana ce mata 'yar Meksiko, in ta je Meksiko a ce Ba'amurkiya ta zo, shi ya sa irinsu suka raɗa wa kansu suna, Chicano. Da ta faɗi haka, ke kika faɗo min a rai. Na tuna kin ce min a Kano 'yar Jidda suke kiranki, bayan nan ɗin kin san sunan da ake kiranmu da shi a layin burodi. Duk wata takan haɗa taro a wani tsohon gida a Balad, tsohon garin Jidda, kowa ya tashi ya karanta abin da ya rubuta. Wannan karon yayanta ya kawo mata ziyara, shi ma zai yi. Ta ce in zo da koren littafina.

Umma ta yi kwana biyu tana nazari, sannan ta yanke hukunci. Zan je sau ɗaya, Gwaggo Asabe za ta raka ni, abin da Gwaggo ta faɗa shi ne ƙarshe. In ta ce wurin shirme ne, halas, shi ke nan, littafin zai shiga akwatin ƙarfen Umma. Kin san akwatin. Wayarki ta farko tana ciki har yau.

Saboda masu karatun da ba su san ta ba: Gwaggo Asabe yayar Baba ce, tana sayar da kuka da daddawa da yaji a kasuwar Bab Makka. Aikin hajji ta zo tun kafin Baba ya yi aure, kuma har gobe in ka tambaye ta cewa take ziyara ta zo. Ba ta taɓa yin magana a hankali ba. Raɗarta ana jinta a shago na uku.

Ta zo bayan la'asar da atamfar biki a ƙarƙashin abaya, tana ƙamshin turaren wuta, riƙe da babban fulas na zoɓo. Na ce Gwaggo ai ba biki ba ne. Ta ce, "Taro ne ko ba taro ba? Ni ba na shiga taro hannu rabbana. Yalla, wuce mu je."

Gidan irin na da ne, mai tagogin katako masu ƙananan ramuka, da matakala ƙunci wadda Gwaggo ta hau tana ambaton Allah a kowane taki. A sama an jera kujeru da matasai, ga ƙamshin gahawa. Mutane za su kai talatin: Larabawa, 'yan Sudan, wasu 'yan Filifin ma'aikatan asibiti. Kowa shiru kamar ana jiran liman. Gwaggo ta yi sallama da ƙarfi, ta ƙi zama sai da aka amsa mata yadda ya kamata.

Yayan Malama ne ya fara. Dattijo ne mai gashin baki, ba ya ko duba takarda. Yana faɗa yana buga ƙafa a ƙasa, yana dukan ƙirji, wani wurin ya ja murya kamar waƙa. Gwaggo ta zungure ni ta ce, "Maroƙi ne. Wa yake yi wa kirari?" Na ce babansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar inabi a gonakin mutane. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ɗan halak ne."

Sai Malama Lusiya ta tashi ta karanta wani abu a kan ɗakin girkin kakarta. Yaya, a tsakiyar jimla take barin Turanci ta faɗa yarensu, ta sake dawowa, ba ta tsaya ta ba kowa haƙuri ba. Rabin maganar ban gane ba, amma na ji ƙamshin abin da kakar ke soyawa. Na tuna yadda kike min dariya kina cewa Hausata kabsa ce, shinkafar Larabawa, da miyar kuka. Ashe akwai masu tashi gaban jama'a su zuba irin wannan girkin, a kuma ci.

A nan matsala ta fara. Su a irin wannan taron ba a tafi. In abu ya yi wa mutum daɗi, yatsu yake ƙyastawa, ɗas ɗas, don kada ya katse mai karatu. Ni Malama ta riga ta faɗa min. Na manta ban faɗa wa Gwaggo ba. Ke kuwa kin san a wurin Gwaggo wanda ya ƙyasta maka yatsa cewa yake za ka gamu da shi. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta ce, "Baƙuwa ce fa! Me ta ci musu?" Na ce Gwaggo yabo ne. Ta ce, "Rufe min baki, na girme ki. Na san yabo." A zuciyata na ce shi ke nan, koren littafi sai akwati.

Ban gama wannan tunanin ba aka kira sunana.

Ban san yadda na isa gaban makirufo ba. A littattafanki in yarinya ta shiga irin wannan hali sai iska ta kaɗa gyalenta, wani ya hango ta daga nesa. Ni na'urar sanyaya ɗaki ce ta kaɗa min shafi, na rasa inda zan fara. Na karanta jimlar farko, muryata ta fito kamar ta sauro. A jimla ta biyu ta ɗauke gaba ɗaya. Na tsaya ina kallon takarda, haruffan suna iyo.

Mutanen kirki, don su ƙarfafa min gwiwa, sai suka fara ƙyasta yatsu. Dukansu. Suna kallona.

Yaya, Gwaggo ta miƙe.

Ta gyara abaya, ta saki Larabcinta na Bab Makka, wanda take korar masu taya daddawa da wulaƙanci da shi. "Aib alaikum! Abin kunya! Yarinya ƙarama? Duk mai magana da ita ya zo ya same ni, ga ni nan!" Wani ɗan Sudan da hannunsa ke sama ya sauke shi a hankali ya ɓoye a aljihu. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi, da yake a bene muke.

Sannan ta jawo kujerarta ƙiiii har gabana, ta juya wa jama'a baya, ta zauna ta rungume fulas. Ta ce, "Karanta min. Ni ce mai ji. Rabu da su."

Na karanta mata. Na ce Mus'ab ya ga Lubna sau ɗaya a shagon yadi, tun daga ranar kullum yana tsaye a bakin layinsu yana kallon tagarta. Gwaggo ta ce, "A wannan ranar ta Jidda? Zai soyu." Na ce kwana arba'in yana haka. Ta ce, "Ba shi da aikin yi ne?" Na ce Gwaggo ba a faɗa ba. Ta ce, "Ai kuwa da an faɗa." Da yake rabin labarin Larabci ne, kuma Gwaggo tana maimaita kowace magana da yare biyu don kada a cuci kowa, sai na ji ɗakin ya fara dariya. Ba dariyar da nake tsoro ba ce. Irin wadda ake yi ce in ana son a ji gaba.

Daga nan na manta da su. Ina karantawa, tana amsawa. Da Lubna ta yi kuka ta ce, "Allah sarki." Da ƙawar Lubna ta ɓoye wasiƙa ta tafa hannu ta ce, "Na san irinta, akwai su a layinmu." Muryata ta fito, har na ji ta tana dawowa daga bango.

Sai muka iso wurin da nake tsoro tun daga gida, inda Mus'ab ya tare Lubna ya faɗa mata yana sonta. A gaban yayar ubana, Yaya. Na rufe ido na faɗa da sauri. Gwaggo ta kalle ni ta saman tabarau, ta daɗe, sannan ta ce, "To ya turo manya mana. A titi ake wannan magana?"

Da na rufe littafin babu wanda ya yi gigin ɗaga yatsa. Kowa yana kallon Gwaggo ya ga abin da ya halatta. Ita kuwa ta ajiye fulas, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sai da tantabarun taga suka watse. 'Yan Sudan suka karɓa. Yayan Malama ya gwada tasa, ta fito kamar akuya ta maƙale a ƙofa, Gwaggo ta tsiyaya masa zoɓo ta ce ya jiƙa maƙogwaro ya bar wa mata aikinsu.

Malama Lusiya ta zo ta riƙe hannun Gwaggo da hannu biyu, idonta ya cika. Ta ce a unguwarsu haka tsofaffi suke yi in ana karatu, suna amsawa daga baya, suna yi wa mutanen cikin labari faɗa, kuma tun da ta zo ƙasar nan ba ta ji irinsa ba. Na fassara wa Gwaggo. Ta ce in gaya mata ta riƙa tace mutanen da take gayyata.

A tasi Gwaggo ba ta ce uffan ba. Kin taɓa ganin haka? Ni ban taɓa ba. Na ƙanƙame littafin ina yi masa bankwana a zuciya.

A gida ta cire takalmi, ta nemi ruwa, ta tambayi Umma ya aiki, ya zafi, ya ƙafar da ke damunta, ya labarin Kano. Umma tana amsawa tana satar kallona, mukullin akwati yana ɗaure a bakin zanenta. Sai da Gwaggo ta shanye kofi biyu sannan ta ce, "Wurin babu ashsha. Ba su iya sauraro ba ne kawai, amma na fara gyara su. Littafin kuwa kada wanda ya kulle shi. Sai na ji ko yaron nan ya samu aiki."

Kin san Umma ba ta musu da Gwaggo. Ta ce in je in ɗora shayi.

A kicin na yi kuka kaɗan, ba na baƙin ciki ba. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, lokacin da guɗar nan ta tashi, na ɗaga kai ina neman fuskarki a cikin mutanen. Na san ba kya nan. Na san teku da sahara ne tsakaninmu. Duk da haka sai da na duba har layin baya, kujera kujera. Ke kika fara karanta min labari da baki, ina kwance a cinyarki ina tsayar da ke duk layi biyu in tambayi ma'ana, ba ki taɓa cewa na dame ki ba. To, kin faɗa, amma ba ki daina ba.

Allah ya tsare min ke a inda kike, ya ba ki sa'ar karatunki, ya haɗa ki da masu riƙe ki da mutunci. Allah ya buɗe hanyar da za ki dawo mana, ko ta Umra ce, ki zauna kusa da Gwaggo ki riƙa ja mata abaya. Ya ƙara wa Umma da Baba lafiya, ya bar mana Gwaggo da muryarta. Ki taya ni addu'a kuma Allah ya ba Mus'ab aiki kafin ƙarshen wata, don Gwaggo ta ce in bai samu ba ita da kanta za ta raba su.

Ƙanwarki mai kewarki,
Sumayya
Hindawiyya, Jidda