Ruwan randa a kan tayoyi

Litinin, 14 ga Afrilu

Malam, da kana raye ka ga abin da nig gani yau. Nasiratu, matar autanka Jibrilla, ita ad da makullin motarka. Ita ka tuƙa kanta zuwa lakwal ɗin Kalfu inda take koyarwa. Shekara talatin ina gidanka, ko gaba ba ka taɓa zaunad da ni ba. Kullum baya, ni da buhun hatsi.

Laraba, 16

Mota ta kama rawa. Jibrilla ya kai ni kasuwa, yana taka birki sitiyari ya riƙa kakkarwa kamar mai masassara. Nic ce mishi, da can tana haka? Ƙafar matarka ce. 

Alhamis, 17

Jibrilla ya amshe makullin daga hannun Nasiratu. Da safe ta hau kabu-kabu da cikinta wata biyar, cikin wannan zafi.  Tuwona ma ya fi daɗi yau, Allah ya yafe min.

Asabar, 19

Na bi shi garejin Aghali, don in ji da kunnena an ce laifin Nasiratu ne. Ita ma ta zo. Aghali ya tambaya, sitiyari ka rawa ko kujera? Jibrilla yac ce sitiyari. Aghali yac ce to matsalar a tayoyin gaba take. Ya cire taya, ya juya wani faranti na ƙarfe, diski sunanshi, yana taɓa birki yana saki, yana taɓawa yana saki. Yac ce diskin ya lanƙwashe. Wai abu uku ka kawo haka: a matse noti ba daidai ba, ko a danne birki a gangara har ƙarfe ya yi wuta... sai nig gyara zama. Amma yac ce falaket ɗin, takalman birki ke nan, ba su ƙone ba, mai tuƙin nan ƙafarta da sauƙi. Noti ma daidai suke, saura na uku, in ji shi. "Wa ka watsa ma tayoyi ruwan sanyi da an dawo daga tafiya?"

Malam, ka sani. Tun kana zuwa Tebaram nike yi. Mota na tsayawa in ɗebo ruwan randa, in yi bisimilla, in kwara ma kowace taya don hanya ta yi sanyi. Har cuuu nike ji, in ce addu'a ta kama. Tunda yarinyar ga ta fara tuƙi, bokiti guda nike kwarawa, don a san motar da mai ita.

Nasiratu ta dube ni sau ɗaya. Kullum tana ganina ta taga. Sai tac ce, "Wataƙila kududdufin bakin famfo ne nike shiga."

A watan Afrilu, kududdufi!

Lahadi, 20

Wa ya roƙe ta ta rufa min asiri? Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Talata, 22

An sa sabbin diski. Makullin har yau yana aljihun Jibrilla, ƙafafun Nasiratu sun kumbura. Ɗazu ya dawo, na ɗebo ruwa bisa sabo, na tsaya da kwano a hannu, sai na ba ɗan itacen lemu. Addu'ar da baki kawai nig yi.

Na aika a kira min shi. Ba don ita ba fa, don jikanka. In ya ba ta makullin, ranar kasuwar Affala ta kai ni, kuma gaba zan zauna. Yadda zan fara gaya mishi ne ban...

Ga shi nan yana buga ƙofa