Kazar ɗorin da na musanya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana shida suka rage mini.

Ni dattijo ne daga wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Mahaifinmu maɗori ne. A gidanmu in aka kawo mai karaya, sai a karya ƙafar kaza a ɗaure tare da tasa, ranar da kazar ta taka, a ce shi ma ƙashinsa ya kama. Farkon shekarun tamanin, da kakar auduga, ƙanena ya faɗo daga motar kaya, ƙwabrinsa ya karye har ƙashi ya leƙo. Baba ya tafi ɗori Mahuta, ni kuma ina ji da kaina na iya. Direban ya ce a wuce asibiti Malumfashi, na ce gidan maɗori ba a fita da karaya. Na jera kara na ɗaure tamau, na karya kaza na ɗaure.

Kwana huɗu kazar ta mutu, ƙafarta ta ruɓe. Na san da Baba ya gani zai kwance ɗorin ya duba, ƙila ma a tafi asibiti, kowa ya san na ɓata aiki. Sai na binne ta bayan rumbu, na samo wata ja irinta a Tsiga, na naɗa mata tsumma a lafiyayyar ƙafa. Baba ya dawo, idonsa ya fara rauni lokacin, ya ga kaza tana tsaye, ya sa mini albarka. Ba a kwance ɗorin ba sai da wari ya cika ɗaki.

Tun daga nan ƙafar ba ta koma daidai ba. Ciwon ya rufe ya buɗe, da sanda ya yi noma, da sanda ya aurar da 'ya'yansa.

Yanzu 'yarsa da take aikin nas ta kai shi wani babban asibiti. Likita ya nuna mana hoto, ya ce ƙashin ya mutu wajen tsawon yatsa. Za su yanke mataccen, su cike gurbin da wani abu mai huji-huji kamar soso, su ɗebo ɓargo daga ƙugunsa, wai a cikinsa akwai ƙwayoyin da ke iya zama sabon ƙashi, su zuba a ciki. Ƙashi zai bi abin ya hau kamar yadda kabewa take bin danga, shi kuma abin ya narke a hankali. Ya ce ba su da tabbas, amma in ba a gwada ba, yanke ƙafa ne ya rage. Ranar Talata suke son amsa.

Ƙanena ya ƙi. Yarinyar ta yi kuka, ta yi faɗa, har ya ce ta fita masa daga ɗaki. Da na shiga lallashi sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka manta ne? Kaza ta taka, ni ban taka ba. Hannunka bai gaza ba, jikina ne ba ya haɗa ƙashi. Soso zai fi ka ne?"

Ashe ƙaryata ce hujjarsa.

Shekara arba'in wannan mutumin bai taɓa cin sabuwar masara bai aiko mini ba. In na faɗa, ƙila ya yarda a yi aikin, ƙila kuma ba zai sake kirana Yaya ba. In na yi shiru, ni na yanke masa ƙafa sau biyu.

Na san dole in faɗa, yadda zan faɗa ne ban sani ba. In same shi shi kaɗai, ko in fara gaya wa 'yarsa? In ya kore ni kuma ya ƙi aikin, me zan yi kafin Talata?